Daminar da Mai Itace Ta Zauna Gidanmu

Shekarar da na gama kwalejin horon malamai mata aka tura ni Tambuwal koyarwa, lokacin da gwamnati ta buɗe makarantun firamare ko'ina ta ce kowane yaro ya shiga kyauta. Mahaifina malamin zaure ne a Kebbe, kuma bai yarda budurwa ta kama ɗakin haya ba, don haka ya damƙa ni ga yayarsa da ke zaune a Tambuwal tun aurenta. Gwaggo ta daɗe da rasa miji, 'ya'yanta kuma ba su rayu ba. Gajeriyar mace ce mai ƙarancin magana, kullum da goro a kumatu. Daga hantsi zuwa azahar matan unguwa kan taru a tsakar gidanta tana biya musu karatu, wasu da allo, wasu da ƙananan littattafan ibada, wasu kuwa hira ce kawai ta kawo su, ita ma ta sani.

Garin yana canzawa a gabanmu a shekarun nan. Kuɗin mai sun shigo, rufin kwano yana maye gurbin azara, samari suna sayen babura da rediyo. Ana kuma aikin babbar hanya, tifofi suna kai da kawowa daga ramukan marmara da ke bayan gari, direbobinsu baƙi ne daga wurare dabam-dabam, suna kwana a wasu rumfuna kusa da tasha.

Can gaba da ramukan marmara akwai wata 'yar unguwa ta bukkoki inda kutare ke zaune da iyalansu. Daga can wata mata take kawo mana itace duk ranar kasuwa. Za ta girme ni da kaɗan. Iyayenta ne masu ciwon, ita kam lafiyarta ƙalau, yatsunta dogaye masu kyau, amma a bakin mutanen gari 'yar kutare ce, shi ke nan. Ta taɓa aure a wani ƙauye wajen Sanyinna, da dangin mijin suka gano asalinta suka matsa masa har ya sake ta. Mahaifinta ya rasu, ita ke ciyar da mahaifiyarta da itacen nan. Ba ta shiga gidaje da yawa, a ƙofa ake biyanta. Gidan Gwaggo kaɗai take shiga har madafa ta sauke kayanta, ta ɗan tsaya daga gefe tana sauraron karatun mata kafin ta tafi. Mai itace muke kiranta, ni ma haka zan kira ta a nan.

Da ruwan farko ya sauka, sai muka daina ganinta. Kasuwa ta ci ta watse, wata ta sake ci, babu ita. Gwaggo ta fara sayen itace wajen masu jakuna tana ƙorafin ɗanye ne.

Wata ranar Asabar da hantsi, ina wanki, aka yi sallama daga ƙofar zaure da murya ƙasa-ƙasa. Na leƙa na ga wata tsohuwa a tsugune a waje, ta ɓoye hannayenta cikin gyale. Na ce ta shigo, ta ƙi. Ta ce ita ce uwar mai itace, Inna Malama take son gani. Gwaggo ta bar ɗalibanta ta fito, ta tsuguna kusa da ita a bakin ƙofa. Sun daɗe suna magana, ban ji komai ba sai kukan tsohuwar da take ta haɗiyewa. Da Gwaggo ta dawo ciki ta sallami matan, ta ce yau babu sauran karatu, sannan ta ce in ɗauko mayafina da wani zane mai tsabta.

A hanya ta gaya mini. Wani direban tifa ne ya tare mai itace a kusa da ramin marmara da rana tsaka, tana ɗauke da kaya, ya yi mata fyaɗe. Wata Bafillatana mai tallar fura da nono ce ta ji ihunta daga nesa, ta iso bayan motar ta tashi, ta rufa mata zane ta raka ta gida. Tun daga ranar ba ta fita ba, ba ta cin abin kirki, ta daina salla. Tsohuwar ta je wajen sarkin unguwarsu, ya ce mata su wa za su kai ƙara, wa zai saurare su, gara a yi shiru kada a ce a tashe su daga wurin baki ɗaya. Ta rasa inda za ta nufa, sai ta tuna 'yarta takan yi zancen gidan da ake barinta ta shiga.

Mun same ta a kwance a cikin bukka, fuskarta ga zana. Ta rame har ƙasusuwan wuyanta sun fito. Gwaggo ba ta yi mata tambaya ko ɗaya ba. Ta zauna a ƙasa kusa da kanta, ta ɗora hannu a kafaɗarta, matar ta zabura ta janye jiki, Gwaggo ta ɗauke hannun ta ci gaba da zama. Mun daɗe a haka, kaji suna shiga suna fita. Can Gwaggo ta ce mata tana da ɗaki, ga kuma ni da za mu kwana tare, in tana so ta zo ta huta har ta ji ƙarfi, in kuma ta fi son zama wajen mahaifiyarta, to mu za mu riƙa zuwa.

"Inna Malama, ƙazanta gare ni," ta ce, ba ta juyo ba. "Ba ni shiga gidan karatu."

"Gidana ne, ɗiyata. Ni ka faɗin wanda ka shiga."

Mahaifiyarta ce ta lallashe ta har ta tashi. Ta ce mata ramukan marmara suna nan kusa, kullum tana jin ƙarar motocin, shi ya hana ta barci. Muka zagaya ta hanyar gonaki don kada mu bi ta wurin, tana tsakiyarmu.

Washegari Gwaggo ta nemi yardarta a kai ta asibitin sha-ka-tafi. Da farko ta ƙi, don ta ɗauka namiji ne zai duba ta. Na je na yi magana da ungozomar asibitin, wata dattijuwa mai fara'a, ta ce mu zo bayan an rage jama'a, ita kaɗai za ta gan ta. Ta duba ta ina tsaye a ƙofa, ta ba ta maganin raunukan da ba su gama warkewa ba, ta yi mata allura. Da muka tambayi zancen ciki, ta ce lokaci bai yi da za a sani ba, sai dai a jira. Wannan jiran shi ne ya fi komai nauyi a gidanmu duk tsawon watan.

Zamanmu a ɗaki ɗaya bai zo da sauƙi ba. Ba ta yarda ta hau katifa, sai tabarma a bakin ƙofa. In mota ta wuce a titi sai ta daskare da abin da ke hannunta. Takan yi wanka sau da yawa a yini har Gwaggo ta ƙara yawan ruwan da masu garwa ke kawowa, ba ta kuma taɓa ce mata ya isa ba. Ni kuwa ban san abin da ake faɗa wa mutum a irin wannan hali ba, ba a koya mana a kwaleji ba. Na tambayi Gwaggo, ta ce kada in nemi abin faɗa, in bar ta ta ga ina nan kawai. Sai na riƙa kawo littattafan yara gida ina gyarawa a gefenta da la'asar, ina ba ta labarin shirmen 'yan aji ɗaya. Wani lokaci tana ji, wani lokaci hankalinta yana wani wuri. Wata rana ta karɓi tsintsiya daga hannuna ba tare da magana ba ta share tsakar gida, Gwaggo ta yi mini ido kada in hana ta.

Gari kuwa ya ɗauka. Ba mu gaya wa kowa abin da ya faru ba, amma labari ya fita ta wata hanyar. Matan karatu suka fara raguwa. Wasu mazansu ne suka hana su, wai ana cin abinci da 'yar kutare a gidan. Wasu kuma suka ce ai bazawara ce, wa ya san abin da ya kai ta bayan gari ita kaɗai, kamar ba su san daga can itacen da suke girki da shi yake fitowa ba. Wata maƙwabciya ta shigo ta ba Gwaggo shawara cewa ta mayar da ita inda ta ɗauko ta kafin ciki ya bayyana a gidan malamai. Gwaggo ta saurare ta har ta gama, ta yi mata godiya, ta tambaye ta lafiyar yara. Tsakar gidan da kan cika ta koma mata uku ko huɗu, Gwaggo tana biya musu kamar yadda ta saba.

Mai itace ta ji duk wannan, ɗakinmu ba shi da nisa da inda ake maganar. Ta ɗaure 'yan kayanta ta ce za ta koma, ba za ta kashe wa Inna Malama makaranta ba. Gwaggo ta ce ba ta tsare ta ba, amma kafin ta tafi tana so su je Kebbe tare, akwai maganar da ta fi son ta ji daga bakin ƙanenta. Abin da ya fi damun Gwaggo shi ne sallar da ta bari. Ta sha gaya mata ba ta da laifi, sai mai itace ta sunkuyar da kai ta ce Inna Malama tausayinta take ji shi ya sa. An yi sa'a hutun makaranta ya zo, muka shirya mu uku.

Hanyar Kebbe da damina sai wanda ya bi ta. Muka shiga bayan wata tsohuwar mota tare da buhunan gishiri da mata masu komawa ƙauyuka. Kafin ta hau, mai itace ta tsaya tana kallon direban. Dattijo ne mai furfura, ya san mahaifina. Gwaggo ta sa ta a lungu, ni a gefe ɗaya ita a ɗaya gefen. Motar ta kafe a taɓo ba sau ɗaya ba, maza suna sauka suna turawa. Ko'ina kore shar, gero ya kai gwiwa, fadamu sun cika da ruwa. Ban ga ta ɗaga kai ta dubi komai ba sai da muka wuce wasu mata suna dashen shinkafa.

Mahaifina mutum ne mai sanyin hali, ba ya gaggawar magana. Gwaggo ta shige wajensa ita kaɗai ta yi masa bayani. Bayan la'asar, da manyan ɗalibansa suka watse, ya sa aka shimfiɗa tabarma a cikin gida ƙarƙashin dalbejiya, ya ce a kira baƙuwa. Ta zo ta tsuguna nesa a ƙasa. Ya ce ta hau tabarma, ya jira har sai da ta hau. Bai tambaye ta yadda abin ya faru ba. Ya ce an gaya masa ta bar salla, yana so ya ji dalili. Ta ce ba ta ga da wane jiki za ta tsaya gaban Allah ba.

Ya yi mata bayani a hankali, da Hausar da kowa zai gane. Ya ce zunubi yana kan wanda ya yi da niyya, wanda aka fi ƙarfi babu komai a kansa, haka ya karanta wajen malamansa, haka suka karanta wajen nasu, babu saɓani a ciki. Ya ce ita wadda aka zalunta ce, kuma wankan da ta yi na farko ya isar mata, duk sauran wahalar da kai ne. Sai ta faɗi abin da ba ta taɓa furtawa a gabanmu ba.

"Malam, abin da nika tsoro, in ciki ne fa?"

"In ciki ne, nan gidan za ki haihu," in ji shi. "Ni ka yanka ragon suna, ni ka raɗa mishi suna. Wanda duk ke da magana ya zo ya same ni."

Ta rufe fuska da gyale ta yi kuka mai sauti, wanda ba ta yi ba tun zuwanta wajenmu. Mahaifina ya tashi ya fita masallaci ya bar mu. Mahaifiyata ta kawo ruwa a buta ta ajiye kusa da ita ta koma madafa. Da aka kira magariba, na gan ta ta ɗauki butar ta zagaya, ta dawo ta tsaya a bayan Gwaggo.

Mun ɗan kwana biyu a Kebbe. Can babu wanda ya san ta, baƙuwar gidan malam ce kawai. Ta fara cin abinci, tana taya mahaifiyata surfe da gyaran kifin da masunta ke kawo wa mahaifina. Wata safiya bayan mun karya, Gwaggo tana tsintar shinkafa a faifai, mai itace ta fito daga ɗaki ta durƙusa kusa da ita ta yi magana a kunnenta. Na ga Gwaggo ta ajiye faifan a hankali. Ta ɗaga hannuwa biyu ta yi hamdala, ta shafa, sannan ta juyo ta ce mini 'yar ɗakina ba ta salla yau, in nemo mata tsumma mai tsabta. Sai da na ɗan yi jim kafin na gane. Na zauna a kan turmi. Mu uku muka kama dariya, ita tana yi tana share hawaye, mahaifiyata ta fito da ludayi a hannu tana tambayar abin da ya faru. Ranar mahaifiyata ta yanka zakara, ta ce wa yaran gida don baƙi ne.

Kafin mu koma, mahaifina ya sake kiranta. Ya ce saura maganar direban. Ya bayyana mata yadda ƙara take: za a tambaye ta a gaban maza, za ta faɗi abin da ba ta son tunawa, mai yiwuwa a yi nasara, mai yiwuwa a rasa. Ya ce in ta zaɓi ta bari, babu mai ganin laifinta, in kuma ta zaɓi a je, zai sa rigarsa ya zauna a bayanta. Ta ce a ba ta lokaci. Ba wanda ya sake tayar mata da zancen.

Abin da ya yanke mata shawara a Tambuwal ya same mu. Mun dawo ba da daɗewa ba wani mutum ya yi sallama, ya ce abokan aikin direban ne suka aiko shi. Ya zo da buhun shinkafa da turmin atamfa a bayan babur, ya ce a ba yarinyar ta yi haƙuri, a rufa wa juna asiri, ai irinsu ba su saba samun haka ba. Gwaggo ta ce masa ba ita ke da magana ba, ya jira. Ta shigo ta faɗa wa mai itace kalma da kalma, har da ta ƙarshen. Mai itace ta tambaya ko har yanzu tifarsa tana zuwa ramin marmara, aka ce tana zuwa. Ta ce akwai 'yan mata a unguwarsu da suka karɓi yin itace tun da ta daina, ta wannan hanyar suke bi.

"A ce mishi ya kwashe kayanshi," ta ce. "A aika wa Malam, zan tafi."

Mahaifina ya zo a motar kasuwa. Shi da Gwaggo suka raka ta wajen 'yan sanda, aka kama direban a rumfarsu. Abin da ya rage shi ne mai furar nan, wadda ba mu san sunanta ko rugarsu ba. Ni da mahaifiyar mai itace muka zauna a gefen kasuwa inda Fulani ke jera ƙorai, tsohuwar tana duba fuskoki har ta gane ta. Matar ta tsorata da jin kotu, ta ce su mutanen daji ne, in suka shiga maganar hukuma ba su san inda za ta kai su ba, kuma mijinta ba zai bari ba. Mahaifina yana jin Fillanci. Ya hau bayan keken wani ɗalibinsa har rugar, wajen Dogon Daji, ya wuni da mijin a ƙarƙashin itace. Ranar zama sai ga su sun zo tare, mijin da sandarsa a kafaɗa.

Ban shiga cikin kotun ba, ina waje tare da tsohuwar, wadda ta zauna can nesa da jama'a a gindin katanga. Gwaggo ce ta ba ni labari daga baya. Ta ce da farko alƙali ya sa aka rage mutane, ya ce wa mai itace ta ɗauki lokacinta. Ta faɗi komai, har da cewa ta cije shi a hannun hagu kusa da wuyan hannu. Direban ya musanta, ya ce shi da matarsa da mutuncinsa me zai kai shi ga taɓa 'yar kutare. Alƙali ya ce ya naɗe hannun rigarsa. Tabon haƙora yana nan. Mai fura ta faɗi abin da ta ji da launin motar da ta gani, ungozoma ta faɗi irin raunukan da ta tarar. Daga nan aka ɗaga maganar zuwa babbar kotu a Sakkwato, aka ci gaba da tsare shi.

An ɗauki watanni ana zuwa ana dawowa, har aka yi girbi. Wani zuwan a ce an ɗaga, su dawo a gajiye. Sau ɗaya mai itace ta ce ta gaji, da ta sani ba ta fara ba, ta kwanta yini guda ba ta yi magana da kowa ba. Gwaggo ta bar ta, da safe ta tashi da kanta ta shirya. Ranar da aka yanke hukunci ina aji, ina koya wa yara haɗa baƙi da wasali, sai na hango mahaifina ta taga yana tahowa a filin makaranta, abin da bai taɓa yi ba. Na fita da alli a hannu. Ya ce an ɗaure direban, su Gwaggo suna gida, in an tashi in wuce kai tsaye. Na koma aji na kasa ci gaba da darasin, na sa yaran waƙa har aka kaɗa ƙararrawa.

A gida ban tarar da wata murna ba. Mai itace ta ci tuwo, ta yi wanka sau ɗaya, ta kwanta da rana ta yi barci har bayan la'asar, mahaifiyarta tana zaune a gefenta tana kore mata ƙuda da gefen gyale. Gwaggo ta hana kowa daka a tsakar gida. Matan karatu sun dawo da kaɗan-kaɗan bayan haka, ba duka ba. Babu wadda ta ba da haƙuri, Gwaggo ma ba ta nema ba. Mai itace ta samu allonta a cikinsu, ta fara daga farko.

Ba ta koma yin itace ba. Mahaifiyata ta koya mata turara shinkafa, ta kuma ce ta dawo Kebbe inda shinkafar take, inda kuma ba a san komai game da ita ba. Ta amince da sharaɗi ɗaya, cewa da mahaifiyarta za ta tafi, kuma ba za ta ɓoye ta a ƙuryar ɗaki ba. Mahaifina ya ba su wani ɗaki a bayan gidanmu. An yi 'yan gunaguni a unguwa da aka ga hannayen tsohuwar, ya yi bayani a zaure cewa ciwonta ya daɗe da mutuwa, tana kuma karɓar magani, maganar ta lafa. Bayan shekara biyu wani manomin fadama da matarsa ta rasu, ɗaya daga cikin masu ɗaukar karatu wajen mahaifina, ya nemi aurenta. Ta ce sai ta yi magana da shi da kanta. Ta gaya masa asalinta da abin da ya same ta, ba ta rage komai ba, ta ce ya je ya yi tunani. Ya ce ya riga ya sani tun kafin ya zo, abin da yake so ya ji shi ne ko ita tana sonsa. Ta ja shi har wata damina kafin ta amsa.

Tsoron bai bar ta gaba ɗaya ba. Har na bar yankin ba ta shiga gaban mota, kuma ba ta bin hanyar da babu mutane. Ni ma na yi aure, aka mayar da mijina Sakkwato, zuwana gida ya ragu.

Wani hutu na je Kebbe da ɗana na fari, na leƙa gidanta da hantsi. Na tarar da ita a bakin babbar tukunya, hayaƙi ya sa idonta ja, 'yarta a goye, tana faɗa da awakin maƙwabta da suka shigo shanyar shinkafa. Ta zaunar da ni ta shiga ba ni labari: rufin ɗakin tsohuwa yana yoyo, maigidan ya yi alkawarin gyarawa tun bara, masu sayen shinkafa daga Jega sun cika son banza, 'yar tana haƙori ba ta barin kowa ya runtsa. Ta duba ɗana ta ce ban iya goyo ba, ta kwance shi ta sake ɗaura mini. Muka wuni, muka ci dambu da man shanu, tsohuwar tana daga inuwa tana sa mana baki.

Sai da na fito ina hanyar gida na lura cewa tun safe har yamma babu wadda ta tuna da waccan daminar a cikinmu. Ta biyo ni da gudu da ƙullin busasshen kifi, ta ce in kai wa Gwaggo in na biya ta Tambuwal, in kuma gaya mata ta kusa kai izu biyar. Sannan ta juya da sauri, don ta bar tukunya a wuta.